Yajin Baba ya ƙetare teku

Abuja, daren Lahadi

Ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da duk mutanen zango. Ya Kumasi, ya kasuwa, ya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa? Saƙonka ya same ni tun tuni, wanda kake tambaya ko an sa ranar bikin autarmu da abin da ya kamata ka aiko. Wannan sai a wata wasiƙar. Ka bar ni in fara sauke abin da ke bakina, don yau kwanana tara da dawowa, kuma duk wanda na ba labarin sai in ga bai ji shi yadda nake so ba. Kai ne za ka ji shi, tunda kai ne ɗan mai abin.

Yajin Baba ya ƙetare teku. Wallahi da hannuna na barbaɗa shi a wani tsibiri da ake kira Morishus, mutanen ƙasashe daban-daban suka yi layi suna jira, hayaƙin gawayi yana tashi kamar a bakin tukubarmu ta Tudun Wada. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ga yadda aka yi. Wani babban otal na bakin teku a can yana shirya bikin abinci da giyar inabi, kwana biyar, ana gayyato masu girki daga ƙasashe. Aka gayyaci Ogan kicin ɗinmu, aka ce ya zo da mataimaki ɗaya, shi kuma ya ce da ni za a je, saboda so yake a ga gashin Arewa. Muka tashi ta Legas, muka sauka Nairobi, daga nan awa huɗu da ɗoriya a sama, ba ka ganin komai sai ruwa. Tsibirin yana gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, tsawonsa duka bai kai daga Zariya zuwa Kaduna ba, mutanensa miliyan ɗaya da 'yan kai. Agogonsu ya riga namu da awa uku, naku da awa huɗu, don haka kada ka ce na ƙi kiranka. Lokacin da nake tashi kai ko juyi na biyu ba ka yi ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne alƙibla. Ka san mu tun muna yara da an ce salla sai a ce a fuskanci gabas. Na shimfiɗa darduma na dubi inda rana ke ɓullowa daga cikin teku, sai wani yaro da muke aiki tare, Musulmi ne ɗan ƙasar, ya riƙo hannuna ya juya ni wajen arewa, ya ɗan karkata ni yamma. Makka tana sama da su ne. Ranar na daɗe a zaune bayan sallama.

To, batun giyar. Na san shi za ka fara tambaya, kuma shi ya hana ni barci kafin tafiya. Tun a Abuja na sami Oga na ce masa, ranka ya daɗe, zan je, amma ba zan zuba ba, ba zan ɗauka ba, ba zan sa ta a girki ba, kuma naman da zan taɓa sai yankan Musulmi. Ka tuna hadisin da Malam ya karantar da mu a zaure, na mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Oga ba Musulmi ba ne, amma mutum ne mai mutunci, ya ce ya ji ya yarda. Naman halal kuwa bai yi wuyar samu ba, don Musulman ƙasar suna da yawa, sun ɗan haura kashi ɗaya cikin shida na jama'a.

Ƙuli ne ya so ya ba ni wahala. Kimba da masoro da kanumfari da busasshiyar citta da zoɓo duk daga gida muka tafi da su, Oga ya sa an yi takardunsu da wuri. Ƙuli kuwa na ce sabo zan yi, don Baba bai taɓa yarda da ƙulin da ya yi mako ba. Gyaɗa akwai ta, “pistas” suke ce mata. Ƙarfe huɗu na dare na shiga kicin ni kaɗai, na soya ta har ta yi ja, na murje ɓawon, na markaɗa a inji. Sai na zuba a babban kwano ina ɗiga ruwan ɗumi ina juyawa da muciya, hannu ya gaji, zufa na zuba, man ya ƙi fitowa. Na tuna yadda Inna take cewa kada a yi wa gyaɗa gaggawa, a ɗiga ruwan kamar ana ba jariri. Na rage hannu. Can sai ga tunkuza ta haɗe, mai ya taso ya kwanta a sama, rawaya, mai ƙamshi. Lokacin masu yin burodi sun shigo, suka tsaya a bayana su uku ba mai magana. Na matse, na mulmula, na soya a cikin man nasa, na bar shi ya sha iska, sannan na daka a turmin dutse da suke da shi, na haɗa da kayan yaji bisa awon Baba. Ɗaya daga cikinsu ya lakata ya sa a baki, ya rufe ido, ya yi wata magana da yarensu wadda sauran suka yi ta maimaitawa.

Af, kafin in manta. Dogo ya ƙara aure. Eh, Dogon da ka sani, wanda ya rantse a gabanmu cewa ɗaya ta ishe shi har abada. Ya sayi Keke Napep ta biyu, ba a yi wata uku ba sai ga goro ana rabawa. Ya ce in gaya maka har yanzu yana bin ka kuɗin takalmin nan. Goggo kuma ƙafar ta yi sauƙi, tana zuwa masallaci da sanda. Inda tukubar Baba take yanzu shagon cajin waya ne da POS. Na wuce ta wurin da azumi, bishiyar dalbejiyar tana nan, har ƙusar da muke rataya fitila ba a cire ba.

Daren da aka ba mu shi ne na uku. An jera dogayen tebura a kan yashi, teku na gefe, kowane mutum da kofunan gilashi biyar a gabansa. Ana kawo abinci kala bakwai, kaɗan-kaɗan, kowane kala da irin giyar da aka zaɓa masa. Inabi ba ya yi sosai a tsibirin, don haka yawancinta daga Faransa da Afirka ta Kudu ake kawowa. Tasu ta gida daga rake ake yi, akwai kuma wadda suke yi da wani ɗan itace mai suna lici. Suna da masana na musamman, “somaliye” ake ce musu, aikinsu ke nan. Na kalle su daga bakin wutata. Sai mutum ya juya kofin, ya sansana, ya kurɓa, ya tofar a wani ɗan bokiti, sannan ya faɗi gonar da aka nomi inabin da shekarar da aka girbe shi. Abin da suke sha haramun ne a wurinmu, zuciyata ba ta ko karkata ba. Amma irin kulawar da suke ba sana'arsu ta tuna min da Baba, yadda yake sansana citta ya ce wannan ta Kachiya ce, wannan kuwa an haɗa ta da wata.

Na yi tsire iri biyu. Na naman sa, na yanyana shi siriri yadda aka koya mana, da kuma na kifi. Na san yanzu ka ajiye takardar kana dariya. To yi dariyarka, kai da ka ƙona tsinke arba'in rana ɗaya saboda kallon ƙwallo, har Baba ya bi ka da mafici. Kifin tuna ne, jan nama gare shi kamar na sa, da safe aka kamo shi. Ba ya son wuta da yawa, juyi biyu ka sauke, ƙulin ya kama jikinsa ya yi ɓawo, cikin yana da taushi. Na yayyafa man gyaɗar da na matse, na yanka albasa da tumatir a gefe, muka nannaɗe a takarda, don na ce wa Oga tsire a faranti ba tsire ba ne.

Babbar masaniyar giyar, wata mata daga Afirka ta Kudu, ta zo tun da rana ta ɗanɗana don ta san abin da za ta haɗa da shi. Ta ci tsinke ɗaya, ta yi shiru, ta ce yajin yana da ƙarfi, zai danne yawancin abin da ta tanada. Sai na ce mata mu a gida akwai abin da muke sha da shi. Na kawo mata zoɓon da na dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na sa sukarinsu ja wanda bai da maraba da mazarƙwaila, ya yi sanyi ƙarara. Ta ɗaga kofin ta dubi launinsa a hasken rana, ta sansana, ta kurɓa. Ba ta tofar ba. Ta sa aka rubuta shi a takardar abincin daren, a gefen tsiren, ga duk mai so. Lita talatin na dafa, kafin a kawo kala na shida babu ko ɗigo. Wani dattijo Bafaranshe mai gidan abinci ya dawo sau uku.

Duk da haka akwai abin da ke cina. Hannuna bai taɓa kwalba ba, amma na ga wasu sun ci naman da na gasa suna korawa da abin da ke kofinsu, kuma ladan aikina daga wannan taron ya fito. Wani lokaci in ce ai abinci na sayar, kamar yadda Baba yake sayar wa kowa ba ya tambayar inda za a kai. Wani lokaci kuma in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ranar Alhamis zan je Zariya in zauna da Malam in faɗa masa komai yadda ya faru, abin da ya ce shi zan bi. Kuɗin suna nan a ajiye, ban taɓa ko sisi ba. In ya ce sun halatta, kaso na farko na Inna ne, kuma kada ka ce min komai a kan wannan.

Ranar Juma'a yaron nan ya ɗauke ni a motar yayansa zuwa Port Louis, babban birnin. A hagu suke tuƙi, irin yadda aka ce mu ma muna yi kafin 1972. Hanya dama da hagu rake ne, iya ganinka. Ya ce min raken nan shi ya tara su duka. Da can ba kowa a tsibirin. Mutanen Holan suka fara zama, sai Faransawa a 1715 suka yi ta kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka, sai Ingilishi suka ƙwace a 1810. Da aka hana bauta a 1835 sai aka koma ɗebo 'yan ƙwadago daga Indiya, kusan rabin miliyan, cikinsu har da kakannin kakanninsa daga Bihar. Ya kai ni bakin tashar jirgin ruwa inda aka sauke su, wurin da ake kira Aapravasi Ghat, ya nuna min matakalar dutsen da suka taka. Ya cire hularsa ya yi musu addu'a, na ce amin. Sai a 1968 suka sami 'yanci.

Muka yi salla a babban masallacin Juma'a, wanda aka gina tun shekarun 1850, fari da kore, da wata tsohuwar bishiya a tsakar gidansa. Bayan an idar muka shiga kasuwa. Ɗan'uwa, ƙosai na gani! “Gato pima” suke ce masa, da wani irin wake ake yi, da barkono a ciki, ana sa shi a burodi kamar yadda muke yi a tasha. Ga ruwan tsamiya ana sayarwa, ga abarba ana fere ta a barbaɗa gishiri da barkono. Da muka je gidansu mahaifiyarsa ta kawo shinkafa da romon wani ganye, ina kai cokali baki na ce wannan ai zogale ne. Ta fita bayan gida ta karyo reshe ta kawo min, shi ne kuwa. Abincin otal ɗin nan mai kala bakwai yana da daɗi, amma wannan romon shi na fi tunawa.

Ka gaishe min da yara. Na ji muryar babban a saƙon da ka turo, Hausarsa ta zama ta zango sosai, yana ce wa uwarsa “ya zo”. Kai ma ka fara, kada ka musa. Ka kawo su gida ko na wata ɗaya ne su ji yadda ake magana.

Yanzu ga abin da nake so daga wurinka. Dattijon nan Bafaranshe ya roƙi in rubuta masa awon yajin, Oga kuma yana so a sa shi a takardar abincin otal ɗinmu na nan, har yana maganar a riƙa ɗurawa a kwalba ana sayarwa. Na ce musu ba nawa ba ne. Ranar da Baba ya nuna min awon, bayan ka tafi Kumasi da shekara ɗaya, ya rufe ƙofar zaure ya ce amana ce, kuma ban taɓa rubuta shi a takarda ba. Ni a raina ina so a sa, da sunansa a jiki, don duk wanda ya ci ya san akwai wani mahauci a Tudun Wada da ya yi shekara arba'in a bakin wuta. Amma kai ne magajinsa. Ka yi shawara da Inna da Yaya Babba, in kun ce a'a, magana ta mutu, ba kuma zan ji komai ba. Oga yana jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Na sayo maka ganyen shayinsu mai ƙamshi da ƙullin jan sukari, suna wurin Dogo, zai ba direban motar goro da zai taso ranar Asabar. Ka kira shi ka tuna masa, ka san halinsa.

Naka har kullum,
Abokinka na bakin tukuba