Yunwar Yukren da ɗan jaridar da aka ƙaryata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da jaridarku ta kawo labarin Yukren, sai in ga an tsaya kan makamai da farashin alkama, ba a waiwayar yunwar 1932 zuwa 1933 da mutanen ƙasar suke kira Holodomor, wadda ta ci rayuka kusan miliyan 4. Gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet da Yukren take ƙarƙashinta a lokacin, ita ce ta kwashe hatsin manoma ƙarfi da yaji, ta hana su barin ƙauyukansu neman abinci, har dokar 7 ga Agusta, 1932 ta sa wanda aka kama yana kala a gonar gwamnati yana iya shan ɗaurin shekara 10, ko a harbe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan jarida suka rabu biyu. A watan Maris na 1933, wani matashin ɗan jarida daga yankin Wales na Birtaniya mai suna Gareth Jones ya sauka daga jirgin ƙasa ya taka da ƙafa ƙauye-ƙauye a yankin Kharkiv na Yukren, yana kwana a ɗakunan manoma, ya ga yara da kumburarren ciki, sannan ya fita ya faɗa wa duniya daga birnin Balin na Jamus. Nan da nan Walter Duranty na jaridar New York Times, wanda yake zaune a Mosko cikin rufin asiri, ya rubuta cewa ana dai fama da ƙarancin abinci amma ba yunwa ba ce. Tun a 1932 Duranty ya samu Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, har yau kuma ba a janye ta ba. Shi kuwa Jones an kashe shi a 1935, ana gobe zai cika shekara 30.

Da aka toshe bakin jarida, hoto da sassaƙa ne suka riƙe shaida. Injiniyan Austriya Alexander Wienerberger ya ɗauki hotunan gawarwaki a titunan Kharkiv a ɓoye. A Kiyef, babban birnin Yukren, kuma akwai gunkin wata yarinya ramammiya da ta rungume 'yan zangarnun alkama a ƙirjinta, masu ziyara suna ajiye mata tuffa da burodi.

Asabar ta huɗu ta kowane Nuwamba mutanen Yukren suke kunna kyandir a taga don tunawa da mamatansu. Ina roƙon ku ware shafi guda a makon tunawar ku ba masu karatu labarin Jones da Duranty.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya