Amsa ga Injiniyan da ya tambaye ni ko so nake 'ya'yan talakawa su dawwama a warin jima

Assalamu alaikum Injiniya, ƙanena.

Yau kwana huɗu ke nan wayata ba ta huta ba. Tun daren da ka ɗora tambayarka a Facebook ka jawo sunana, ka jawo sunan rabin mutanen da suka san ni har da surukina, kowa sai ya kira ya ce Malam ka ga abin da yaron nan ya rubuta kuwa? Na gani. Da farko na yi niyyar in kyale ka, amma da na ga ka haɗa da hoton ɗana sai na ce a'a, baki in ya san abin da zai faɗa bai san abin da za a mayar masa ba.

Saboda waɗanda suka tsinci zancen a tsakiya: a wata hira da aka yi da ni a rediyo na ce ɗan abin da jihohinmu suke warewa na bincike da ƙirƙira, maimakon kowace jiha ta gina cibiyar kwamfuta sak irin ta maƙwabciyarta, gara kowace ta zauna da masu sana'a da 'yan kasuwa da malaman jami'a ta zaɓi abu biyu ko uku da dama can tana da hannu a kai ta zuba ƙarfinta a nan, Kano fata da hatsi da tumatir, Jigawa riɗi da zoɓo, Kebbi shinkafa da albasa, Yobe da Borno dabbobi da ƙaro da kifi. Shi ke nan abin da na faɗa. Kai kuma ka rubuta: “Malam, tsakaninka da Allah, so kake 'ya'yan talakawa su dawwama a cikin warin jima da bin gindin akuya alhali duniya ta tafi AI, kai kuma naka ɗan yana karanta kwamfuta? Kuma wace ƙungiyar Turawa ce ta biya ka ka kawo mana wannan tsarin?”

Toh bari mu fara da warin, tunda shi ka zaɓa, kuma na san ba a banza ka zaɓe shi ba domin ka san gidanmu. Eh, ni ɗan majemi ne. Ban taɓa ɓoyewa ba. Da kuɗin jima aka saya min rigar makaranta ta farko, kuma a firamare an sha matsawa daga kusa da ni a benci ana toshe hanci, don haka abin da ka yi a Facebook yaran aji uku sun riga ka, sai dai su ba su da digiri. Na jiƙa fata a ruwan toka, na kankare gashi, na daka bagaruwa har hannuna ya yi kanta, na san yadda karan dafi ke mayar da fatar akuya ja. Warin da kake wa mutane kwatance da shi daga cikin ofis mai AC, ni na san ɗanɗanonsa a tuwo. In akwai wanda ba ya son yaro ya tsufa a bakin ramin jima kamar yadda babana ya tsufa, tafin ƙafa duk faso, ƙirji na ƙara, to ni ne, ba kai ba.

Abin da ka kasa ganewa, ko ka gane ka ƙi, shi ne wanda ya ce a yi bincike a kan fata ba cewa ya yi a bar fata yadda take ba. Da so nake a dawwama a ramin ai sai in ce kar a taɓa komai. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ta Maraɗi, shekaru aru-aru ana ɗaukarta a raƙumi ana ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a bakin tekun arewacin Afirka suna ce mata fatar Maroko, ko sunan ma bai zama namu ba. Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta yadda takalman Kano da tufafinta ke tafiya ƙasashe. Yau me ya canza? Kamfanonin Challawa da Sharaɗa su jeme fata rabi da rabi a loda a kwantena sai Italiya da Sifen, can a gama ta a ɗinka jaka a manna mata suna, jakar guda ɗaya ta fi kuɗin garken akuyoyin da aka feɗe. Raƙumi ne kawai ya koma jirgin ruwa.

Kuma matsalolin a fili suke, kowane dillalin fata zai lissafa maka su yana tsaye. Wuƙar mahauci tana huda fata wajen fiɗa, darajarta ta faɗi tun kafin ta bar kwata. Kaska da ƙazuwa suna ɓata ta tun tana jikin dabba. Ranar layya dubban fatu suna ruɓewa saboda babu gishiri babu mai karɓa a kan lokaci. Ta shanu kuwa mun cinye ta ganda. Ruwan sinadarin da kamfanoni ke zubarwa yana gangarawa kogi, a ƙasa kuma mutane suna ban-ruwan lambu da shi. Bagaruwar da kakanninmu ke jima da ita, yanzu masu sayen fata a Turai suna neman irin wannan jimar ta tsiro, amma wa ya zauna ya auna mana ƙarfinta ya mayar da ita gari mai ma'auni ɗaya da kamfani zai iya dogara da shi? Wannan aikin masanin sinadarai ne, da likitan dabbobi, da injiniya irinka, har da mai kwamfutar da zai haɗa manhajar da za ta duba fata da kyamara ta faɗi ajinta, ko ta bi sawunta daga kwata zuwa kanti. Ka ga AI ɗin naka ma ya samu aikin yi. Yanzu ina “dawwama” a nan?

Ɗana kuma, eh kwamfuta yake karantawa. A nan gida, a jami'ar gwamnati, yajin aikin wata takwas na 2022 ya ci shi kamar yadda ya ci ɗan kowa. Shi ya zaɓa, ni ban hana ba, kuma ban taɓa cewa a hana ɗan kowa ba. Tambayata dai in ya gama wa zai yi wa aiki. In babu masana'antar da ke tsaye a garinsu, Legas zai tafi ko ya zauna a ɗaki yana yi wa wani kamfani na Amurka aiki da dare, mu da muka biya kuɗin karatun mu tashi da hoton bikin yaye ɗalibai.

Zancen wa ya biya ni ba zan ɓata yawu a kai ba. Ka san motar da nake hawa, ka taɓa tura ta. Gaskiya ne Tarayyar Turai tun 2014 ta sa sharaɗi cewa duk yankin da ke son kuɗin bincike daga asusun raya yankuna sai ya kawo tsari a rubuce na fannonin da ya fi ƙarfi a kai, don sun gaji da ganin kowane lardi yana cewa shi ma zai zama Silicon Valley, wato matattarar kamfanonin kwamfuta ta Amurka. To don Bature ya gano cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo sai maganar ta zama tasa? Kuma abin dariya, mai tallar laftof ɗin China da manhajar Amurka shi ne yake min gorin kwaikwayon baƙi.

Ka ce duniya ta tafi. Je ka duba da me ta tafi. Barazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, ta tura ɗaruruwan matasanta ƙaro karatu waje, suka dawo suka tasa ƙasar Cerrado a gaba, ƙasar da ake ganin ba ta noma saboda tsami, suka gyara ta da farar ƙasa da taki suka fitar da irin waken suya mai jure yanayin zafi, yau babu ƙasar da ta kai su noman waken suya. Ba wanda ya ce musu suna son 'ya'yansu su dawwama a gona. Kar ma mu yi nisa. A Maraɗi tun wajen 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in an zo sharar gona a bar tohon kututture a gyara shi ya zama bishiya, ba injin ba janareta, yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da suka sake yin gawo da sauran itatuwa a kudancin Nijar, har wasu ƙasashe suna zuwa koyo.

Mu ma nan duk inda bincike ya bi abin da mutane suke yi da hannunsu ya yi rana. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya tana aiki tun 1922, kuma irin masara da gyaɗa da dawa da wake masu SAM a farkon sunansu daga can suke, manomi yana shukawa ko bai san sunan ba. A ƙarshen 2019 suka fitar da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda ke rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu, na san akwai masu ja da irinsa da aka sauya wa ƙwayar halitta, wannan muhawara ce ta wata rana. Kazar ShikaBrown daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fito. Buhun nan mai hawa uku na PICS da ake ajiye wake ba magani, tushensa binciken da aka yi da manoman arewacin Kamaru ne tare da jami'ar Purdue. Kuma ka tuna dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, fiya-fiya ce da 'yan kasuwa ke zubawa don ƙwari. Buhun leda ne maganin wannan, Injiniya, buhun leda, amma sai da aka yi shekaru ana gwaji kafin a kai gare shi. Sannan ka tuna 2016 da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir daga Kadawa har Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, manoma suna ta feshi ƙwaron ko gezau. A lokacin nan da me cibiyoyin kwamfutar suka taimaka wa mutumin Kura?

Wallahi abin da ke ci min rai ma ba kai ba ne. Cibiyoyin bincike muna da su, ta fata tana Zariya, ta dabbobi tana Shika, ta magungunan dabbobi tana Vom, ta Tafkin Chadi tana Maiduguri, ta shinkafa tana Badeggi, ga cibiyar noman tsandauri a jami'ar Bayero. Kusan duka na tarayya ne, jihohin da suke zaune a cikinsu kuma ba su cika ɗaukarsu a bakin komai ba. Mu malamai ma ba zan wanke mu ba, ƙarin girmanmu yana rataye ne da takardar da muka buga a mujallar da ko matanmu ba sa karantawa, wanda ya shafe shekara yana gyara wa masu zoɓo hanyar busarwa bai da maki ko ɗaya, wanda ya kwafo lissafi ya canza sunan gari ya zama farfesa. An taɓa sa ni a wani kwamiti a wata jiha, ba zan faɗi sunanta ba, muka yi wata bakwai muna zaga kasuwanni da kwata da gonaki da man motarmu, muka zauna da sarkin fawa da dillalai da mata masu ƙuli-ƙuli, muka rubuta rahoto muka miƙa, aka ɗauki hoto aka sha lemo. Bayan wata uku sai ga sanarwa za a gina katafariyar cibiyar fasahar zamani. An gina, an yanka ƙyalle, an raba wa yara satifiket na kwas ɗin sati biyu. Da na bi ta wajen bara awaki ne kwance a barandar, jajaye kuwa, irin waɗanda ka ce kar a bi gindinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gini da sayen kwamfuta ɗari biyar kwangila ce, ana gamawa cikin wata shida a ɗauki hoto kafin zaɓe. Fitar da irin shuka ɗaya kuwa yana iya cin shekara takwas ko goma, kuma babu kaso a cikin albashin mai kula da gonar gwaji. Ni ban ce kana cikin masu kawo kwamfutocin ba. Mutane ne suka yi ta turo min hotunanka a wajen yankan ƙyalle har guda uku a jihohi daban-daban, na ce musu ƙila ɗaurin aure ka je ka biya ta wajen.

Kai yaro ne mai ƙwaƙwalwa, na faɗa a bayan idonka kuma ina faɗa yanzu, shi ya sa abin ya yi min zafi. Da wani ne can da bai san hanyar Dawanau ba da ko kallo bai ishe ni ba. Tunda ka yi min tambaya a bainar jama'a ni ma ga tawa a bainar jama'a: cikin yaran da aka yaye a cibiyoyin nan uku, nawa ne yau suke cin abinci da abin da aka koya musu, kuma kwamfuta nawa ce har yanzu take kunnuwa? Kai ne injiniya, lissafi naka ne, kawo adadin ko nawa ne zan karɓa.

Hoton ɗana kuma ka cire shi yau, ba gobe ba. Shi bai yi hira a rediyo ba.

Wassalam,
Yayanka, ɗan majemi.