Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan tarin kajinta

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, da duk mutanen Agege.

Mahaifiyarki ta gaya mini kajinki sun sake kama tari, kuma kin ƙara sayo magani. Ki dakata tukuna. Atishawa, majina, kumfa a ido, kumburin fuska da kakarin da kike ji da dare, duk sun yi kama da ciwon da likitocin dabbobi ke kira CRD, wato ciwon numfashi mai daɗewa, wanda ƙwayar cuta mai suna Mycoplasma ke kawowa. Kazar da ta kamu tana ɗauke da ita har ƙarshen rayuwarta. Magunguna irin su tylosin ko oxytetracycline suna kwantar da ciwon ne kawai, da kaza ta galabaita sai ya tashi.

Saboda haka ki fi mai da hankali kan akurkin. Legas ba kamar gida ba ce, danshi ba ya barin ta, balle a watan Yuni da Yuli da ruwa ke zuba. Gobe da asuba ki durƙusa, ki kai fuskarki daidai kan kaza. In warin kashin ya sa idonki yaji, to shi suke shaƙa dare da rana, shi ke cinye musu maƙogwaro. Ki kwashe jiƙaƙƙen garin katakon, ki zuba busasshe, ki ɗaga akurkin daga ƙasa. Ledar da kika lulluɓe shi da ita saboda ruwa, ki buɗe ta ta sama iska ta ratsa. Janareta kuma a matsar da shi nesa, hayaƙinsa ba alheri ba ne gare su.

Kada ki sa ƙwansu a kwanci, ciwon yana bi ta ƙwai zuwa 'yan tsaki. Kada kuma ki ba maƙwabciya kyautar kaza daga cikinsu, alhaki ne. Sabuwar da kika sayo a kasuwa ki ware ta mako 3 ko 4.

In za a ba su magani, likitan dabbobi ya faɗi adadi, kuma kada yara su ci ƙwan sai kwanakin da ya ɗiba sun cika. Amma in kika ga suna mutuwa bi da bi, da koren zawo da murɗewar wuya, wannan ya fi kama da wata cutar kaji da ake kira Newcastle, ki kira likitan a ranar.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki