A Riƙa Gaya Mana Su Wane Ne Masanan da Ke Sharhi Kan Tattalin Arziki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana sharhin cibiyoyin nazarin tattalin arziki, musamman tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma bi bayansa a watan Yuni da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa. Tun daga lokacin, da wuya mutum ya buɗe jarida ko ya kunna rediyo bai ji an ce "masana sun yi gargaɗi" ba, kuma galibi iyakar abin da mai karatu ke samu shi ne sunan wata cibiya da jumla biyu ko uku daga bakin shugabanta. Roƙona shi ne ku riƙa ƙara mana da bayanin ko wane ne mai maganar, ina ya yi aiki a baya, kuma wa ke ɗaukar nauyin cibiyar da yake magana da yawunta.

Bari in ɗauki cibiyar da na fi cin karo da sunanta a rahotanni, wato CPPE da ke Legas, wadda aka kafa domin bunƙasa kasuwancin masu zaman kansu. Dakta Muda Yusuf ne ya kafa ta a 2021, bayan ya shafe shekaru yana babban daraktan ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Legas, wato LCCI. Mutum ne da ya san aikinsa, kuma ba ya jinkiri: da zarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi, ko Babban Bankin Najeriya ya sanar da sabon matakinsa, sai ka ga sharhinsa ya iso ɗakunan labarai, abin da ya sa 'yan jarida ke yawan komawa gare shi. A shekarar 2024, lokacin da Babban Bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, Dakta Yusuf ya sha kokawa cewa tsadar bashin banki na shaƙe masana'antu, kamar yadda ya sha kiran a sassauta farashin dalar da hukumar kwastam ke amfani da shi wajen lissafin harajin kayan da ake shigowa da su.

Ban ga ƙarya a cikin waɗannan koke-koke ba, kuma masu masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano za su shaida haka. Sai dai ciwo ne na mai karɓar bashin banki da mai jiran kwantenarsa a tashar Apapa. Manomin masara a Giwa ko Funtuwa, wanda bai taɓa shiga banki neman rance ba, abin da ya dame shi shi ne kuɗin taki, da kuɗin motar da za ta kai masa amfanin gona kasuwa, da kuma ko 'yan bindiga za su bar shi ya girbe abin da ya shuka. Ɗan kasuwar Dawanau da takwarorinsa na Jibiya da Illela da Maigatari kuwa, bayan tsadar mai, sun sha wani dukan na daban lokacin da aka rufe iyaka da Jamhuriyar Nijar sakamakon juyin mulkin Yulin 2023, ba a kuma buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. Idan aka gabatar wa mai karatu da sharhin CPPE a matsayin hukuncin "masana" baki ɗaya, ba tare da an sanar da shi cewa muryar 'yan kasuwar Legas ce yake ji ba, zai ɗauka an gama auna matsalar ƙasa, alhali ɓangare guda aka auna.

Haka abin yake ga sauran. Cibiyar Agora Policy da ke Abuja, Waziri Adio ne ya kafa ta, ɗan jarida wanda ya shugabanci NEITI, hukumar da ke bin diddigin kuɗaɗen man fetur da ma'adinai, daga 2016 zuwa 2021, kuma gidauniyar MacArthur ta Amurka na cikin masu tallafa wa ayyukanta. Wanda ya yi shekara biyar yana duba littattafan kuɗin mai, dole idonsa ya fi zuwa kan abin da ke zurarewa daga baitulmalin gwamnati. Bismarck Rewane na kamfanin Financial Derivatives, wanda ake yawan gani a talabijin, ya kasance cikin majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa a 2019, don haka idan yana auna manufofin waɗancan shekaru, haƙƙin mai sauraro ne ya san cewa yana cikin waɗanda aka nemi shawararsu.

Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ba wannan zargi nake yi wa mutanen da na ambata ba, domin babu ɗayansu da ya ɓoye tarihinsa. Duk abin da na faɗa a bayyane yake ga mai jin Turanci da ke da intanet. Mai karatun Hausa ne labarin ba ya isa gare shi, kuma a wajen fassara da taƙaitawa ne yake zubewa.

Dattawanmu za su tuna muhawarar 1985, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya buɗe fili jama'a su tattauna ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ce an ƙi, sannan aka wayi gari a 1986 da shirin gyaran tattalin arziki na SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka ƙi ɗin. A wancan zamani marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan tafiyarsa suna fitar da sharhinsu a mujallar The Analyst da kuma Fitila ta Hausa, kuma babu mai karatun da ya jahilci inda suka tsaya: kowa ya san Bala Usman ya yi sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP na Alhaji Balarabe Musa. Wanda ya yarda da shi da wanda ya saɓa masa duk sun san da wa suke magana, shi ya sa muhawarar ta yi armashi har a majalisun ƙofar gida.

Bukatarmu ga masu sharhi ma ta ƙaru a yau, domin alƙaluman sun ƙara rikitarwa. A Disambar 2024 an ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, a Janairun 2025 sai aka ji kashi 24.48, ba don kaya sun yi sauƙi a kasuwa cikin wata guda ba, sai don Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take kafa lissafi a kanta da kuma jerin kayan da take aunawa. Irin wannan sai masani ya warware shi, kuma mai karatu zai fi gamsuwa idan ya san ko mai warwarewar yana da wata alaƙa da gwamnatin da alƙaluman suka yi wa daɗi.

Binciken da hukumar ta fitar a 2022 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari na wannan adadi a Arewa suke, amma cibiyoyin da ake ambata kusan duk a Legas da Abuja suke zaune. Saboda haka ina roƙon ku riƙa neman malaman tattalin arziki na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, tare da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin manoma, su ma ku auna su da mudu ɗaya: idan malamin yana ba wani gwamna shawara, ko shugaban kasuwar yana riƙe da muƙami a jam'iyya, a rubuta hakan a layi guda a ƙarƙashin sunansa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Daga Zariya, Jihar Kaduna.