Kwamfuta za ta iya gane abincin da zai tayar wa mutum da borin jini?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in sa baki a wannan cece-kucen da ake ta yi kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, musamman waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019 da kuma masarar TELA da ta biyo baya a 2024. Wasu na cewa wai duk wanda ya ci sai jikinsa ya fashe da ƙuraje, wasu kuma su ce ai an duba a kwamfuta ba komai, magana ta ƙare. Ni dai na ɗan karanci fannin a jami'a kuma na taɓa amfani da manhajojin da ake wannan dubawar da su da hannuna, shi ya sa duk ɓangarorin biyu suke ɗan ba ni haushi.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, an sayo fara soyayya da yaji ya zauna ya ci son ransa, ko minti ashirin ba a yi ba leɓensa ya kumbura suntum, wuyansa da cikinsa duk suka yi rudu-rudu yana ta susa yana kuka, uwar ta ruɗe tana cewa sammu ne ko jifa. Sai da aka dawo daga asibiti hankali ya kwanta aka tuna ashe ya taɓa yin irin haka lokacin da wata maƙwabciya ta ba shi miya mai kirefish, wato busasshen jatan lande. To me ya haɗa fara da kirefish? Akwai wani furotin a tsokarsu da ake kira turofomayosin, kusan iri ɗaya ne a jikin fara da jatan lande da kyankyaso da ƙananan ƙwarin ƙura na cikin katifa, sai garkuwar jikin yaron ta kasa bambance su, wanda ta tsana a wancan shi ta gani a wannan. Hatta Turai da suka amince a sayar da fara a matsayin abinci a 2021 sai da suka ja kunnen masu alaji, wato borin jini, na jatan lande.

To ainihin aikin da kwamfuta take yi kenan, neman kama. Kowane furotin jeri ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20 ne ake jerawa kamar carbi, sai a ɗauki jerin sabon furotin a gwada shi da na waɗanda aka riga aka san suna jawo alaji, irin su Ara h 2 na gyaɗa. A 2001 ƙwararrun hukumar abinci ta duniya FAO da ta lafiya WHO suka zauna a Rum suka sa ma'auni, in aka yanko amino asid 80 aka ga sun yi daidai da na wani sanannen mai jawo alaji da fiye da kashi 35 cikin ɗari, to a tsaya a bincika. Sun kuma ce ko guda 6 ne a jere suka zo ɗaya a lura, amma daga baya aka ga wannan ƙa'idar ta shida tana yawan kururuwar ƙarya, kusan komai ka saka sai ta kama shi. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta ɗauki na 35 ɗin a 2003. Rumbun jerin masu jawo alaji da aka fi dubawa shi ne AllergenOnline na Jami'ar Nebraska a Amurka, kyauta ne, ko da wayarka za ka shiga.

Akwai kuma manhajoji masu hasashe irin su AlgPred na Indiya da AllerTOP na Bulgeriya da AllerCatPro na Singafo. Shi AllerTOP ba ma ya jera haruffa, yana duba halayen amino asid ɗin ne, girmansu da yadda suke gudun ruwa da sauransu, sai ya nemo furotin da ya fi kusa da naka cikin waɗanda aka koya masa ya ce maka mai yiwuwa ne ko ba mai yiwuwa ba. Ka lura fa, mai yiwuwa ya ce. Lokacin da muke rubuta furojet wallahi na sha saka jeri ɗaya a manhajoji biyu, wannan ta ce e, waccan ta ce a'a, kuma abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ɗauki wadda ta ba mu amsar da muke so mu manna a babi na huɗu. Allah Ya yafe mana.

Shi ya sa masu cewa kwamfuta ta wanke abu suke kuskure, rariya ce ta farko kawai. Bayanta ana zuba furotin ɗin a ruwa mai tsami irin na ciki mai ɗauke da fefsin, sinadarin da ke narkar da furotin, a ga ko zai narke da wuri, domin da yawa cikin masu jawo alaji taurin kai gare su, sannan in akwai shakka a gwada da jinin mutanen da suke da alajin a ga ko sojojin garkuwar jiki masu tayar da alaji, da ake kira IgE, za su kama shi. Wannan gwajin jinin ne ya tsayar da wani waken suya da kamfanin Pioneer ya saka wa ƙwayar halittar gyaɗar Barazil don ƙara masa amfani a abincin dabbobi, sakamakon ya fito a 1996, aka watsar da aikin bai taɓa shiga kasuwa ba.

Su kuma masu tsorata mutane a WhatsApp su sani, furotin Cry1Ab da aka saka a waken Samaru don kashe tsutsar maruka daga wata bakteriyar ƙasa aka samo shi, kuma tun 1996 ake noma masara mai ɗauke da shi a Amurka. Gyaɗa da madara da ƙwai da muke ci kullum su ne kan gaba wajen tayar da alaji a duniya, ban ji an ce a ƙona ƙuli-ƙuli ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne rumbunan nan, kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, kuma yawancin abin da aka zuba daga marasa lafiyar Turai da Amurka da Jafan aka tattaro. Mu nan yaro ya kumbura a ba shi firiton a ce borin jini ne, ba wanda ya rubuta me ya ci. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri su riƙa ajiye irin wannan bayanin da samfurin jini, ita kuma hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, da aka kafa tun 2015, ta riƙa fito da sakamakon gwajin alajin kowane iri da Hausa a rediyo, manomin da zai shuka ya ji da kunnensa.

Shi dai ɗan yayata an hana shi fara, har yanzu in ya ga mai tallan ta wuce sai ya bi ta da ido.

Naka mai karatu kullum,
daga Samaru, Zariya