Saƙonnin WhatsApp sun raba kanmu, mashaƙo kuma yana ɗibar yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce kan gaba a yawan waɗanda suka kamu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sha faɗa cewa akasarinsu yara ne da ba su samu rigakafi ba. Cuta ce mai toshe maƙogwaro har yaro ya kasa numfashi, alhali rigakafinta yana cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta.

Masu zargin allurar rigakafi ba da ka suka fara ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma mun ga inda zargi ya kai mu. An dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo ba sai a Yulin 2004, cutar ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

A wancan zamani jita-jita a majalisa take yawo, kana ganin fuskar mai faɗarta, kana iya ja da shi. Yanzu saƙon murya ne, ba suna ba gari, sai dai a ce "ku tura wa 'yan'uwa". A zauren WhatsApp na unguwarmu, wanda muka buɗe domin kuɗin 'yan sintiri da yashe kwata, wani ya sanya sanarwar rigakafi, wani ya amsa da muryar da ke cewa allurar hana haihuwa ce. Kafin la'asar wannan ya zama "ɗan kwangilar Turawa", wancan ya zama "jahili". Dattawa suka fice ɗaya bayan ɗaya. Damina ta same mu kwata a cushe, domin babu mai iya kiran taro kowa ya zo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambayar da iyaye mata ke yi tana da gaskiya: me ya sa ake bin mu gida-gida da allura kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai a rubuta mana magani mu saya? Wannan tambaya ta shugaban ƙaramar hukuma ce da kwamishinan lafiya. Da mun tafi da ita da murya ɗaya, da an ji mu. Maimakon haka mun mayar da ita rigima tsakaninmu a kan wata ɓoyayyar maƙarƙashiya, masu riƙe da kasafin kuɗi kuma sun samu hutu.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi kowane mako ku bi diddigin irin waɗannan saƙonni da Hausa, ku kuma fitar da amsar da murya domin waɗanda ba sa karatu. Sannan ku tura wakilanku asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni, su duba mana wane magani ne a kan kanta.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku, daga Kano