Soket ɗin da ke ɗaukar zafi ba ya jiran bireka ta faɗi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Mu masu aikin haɗa wutar gidaje ne a Garwa, muna roƙon fili mu ja hankalin magidanta a kan soket ɗin bango, musamman da bazara ke matsowa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, fanka da firji ba sa hutawa.

Mutane da dama sun ɗauka in akwai matsala bireka za ta katse wuta da kanta. Bireka tana faɗuwa ne in wuta ta wuce ƙima ko wayoyi biyu sun haɗu. Amma in notin da ke riƙe waya a bayan soket ya saki, wutar da ke wucewa ba ta ƙaru ba, hanyarta ce ta ƙuntata. Wurin sai ya yi ta zafi yana tartsatsi, roba ta narke, bireka kuwa tana tsaye. Shi ya sa baƙin tabo a bakin rami, warin roba, ƙarar tsit-tsit, ko filogin da ake zarewa da zafi, kowanne ya isa a daina amfani da soket ɗin a ranar.

Wutarmu volt 220 ce, soket ɗin gidajenmu kuma samfurin Faransa ne: ramuka biyu zagayayyu da ɗan ƙarfe a tsaye na wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Mai kyau yana ɗaukar amfiya 16, wato wajen wat 3,500. Dutsen guga da butar dafa ruwa a kan jona guda sun kusa cinye wannan, ko su wuce. Sai kuma kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Mubi ko Yola, masu filogi samfurin Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa. Wasu kan cusa su da ƙarfi, wasu su yanke kan su tura tsirarar waya su tokare da tsinken ashana. Wannan yana buɗa ƙarafan ciki har su daina kama komai. A sauya wa na'urar filogi irin na nan, shi ne gyaran. Adafta mai araha ga caja kaɗai ta dace, ba ga guga ba.

Wajen canzawa, abu na farko a sauke babbar birekar da ke kusa da mita. Muna nanata wannan domin a arewa, in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ana yawan ɗauke wuta, sai mutum ya ce bari ya yi sauri kafin a kawo. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Mai janareta ko sola ma ya raba su da layin gida. Amma tun kafin a kashe, a gwada testa a soket mai aiki, a tabbatar tana haske, a gwada duka ramukan bayan an kashe.

In an kwance fuskar aka jawo soket, a dubi wayoyin. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta komawa, mai kore da rawaya ta ƙasa. A tsofaffin gidaje launi kan yi ƙarya, sai a yi wa kowace alama kafin a kwance. Inda ake yawan kuskure shi ne a maida ƙonanniyar waya cikin sabon soket. Jan ƙarfen da ya yi baƙi ba ya haɗuwa da kyau, ba a jimawa zafin zai dawo. A yanke har inda ƙarfen ke sheƙi kuma robar ba ta bushe ba, a fere kamar santimita 1, a tura har ƙarshe, noti ya danne ƙarfe ba roba ba. A ɗaure tamau, a ja kowace waya a ji ba ta motsi.

Kaurin waya ma a duba. Layin soket yana son waya mai murabba'in milimita 2.5 da bireka mai amfiya 20, ko 1.5 da mai 16. In an kankare waya aka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan sai an sauya layin duka, kuma aikin gwani ne. Haka in babu wayar ƙasa sam, ko bangon yana jiƙa da damina. A sa gwanin ya duba ko akwai makatsin da ke kare rai, mai miliamfiya 30, a danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci.

Bayan an mayar da wuta, a jona guga na minti goma, a taɓa fuskar soket da bayan hannu. In da ɗumi, aiki bai ƙare ba. In kuwa soket ya kama da wuta, kada a watsa ruwa: a sauke bireka, a zuba yashi, a kira 'yan kwana-kwana a 118.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu masu aikin lantarki,
Garwa, Kamaru.